Jirgin ƙarshe: tarihin jirgin ƙasa da wasan dare a ƙwallon Ingila 🧵

1/ Jama'a, akwai abin da ban cika jin ana tattaunawa a gidajen kallon ƙwallo ba. Idan aka tashi wasa wajen 10 na dare a Landan, yaya magoya bayan Newcastle da suka zo baƙunta suke komawa gida? Tafiyar fa ta kai nisan Kano zuwa Abuja. Zare ne, ku biyo ni a hankali.

2/ Mu faro daga tushe. Jirgin ƙasa ne ya raini ƙwallon Ingila. 'Yan Man U, ku matso kusa: ƙungiyarku a 1878 sunanta Newton Heath LYR, kuma ma'aikatan kamfanin jirgin ƙasa na Lancashire da Yorkshire ne suka kafa ta. Masu gyaran tarago ne kakanninku 😄

3/ A 1888 aka kafa lig ɗin Ingila da ƙungiyoyi 12. Duba lissafin: dole kowace ƙungiya ta je garin kowace, ta buga, ta dawo, a zamanin da babu bas babu jirgin sama. Ba don layin dogo ya riga ya haɗa garuruwan ba, da zancen lig bai ma taso ba.

4/ Lokacin wasan ma ba haka kawai aka tsince shi ba. Ma'aikatan masaƙu da masana'antu rabin yini suke aiki ranar Asabar. Mutum ya tashi da rana, ya kama jirgi, a take leda 3 na yamma, a tashi kafin 5, ya kwana a ɗakinsa. Komai a kan agogon ma'aikaci aka gina shi.

5/ Daga nan kamfanonin jirgi suka gano akwai ciniki. Suka fara ware jirage na musamman masu araha don 'yan kallo kawai. Wasan ƙarshe na Kofin FA na farko a Wembley, 1923, Bolton ta ci West Ham 2-0. A rubuce mutum 126,047 ne suka shiga, amma ana ƙiyasta sun haura dubu 200. Jirage sun yi ta sauke jama'a.

6/ 'Yan Arsenal, ga naku. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da Highbury da can sunanta Gillespie Road. Kocinku Herbert Chapman ne ya matsa har aka mayar da ita Arsenal a 1932. Mutumin ya san cewa filin da jirgi ke kai mutane ƙofarsa ba ya rasa 'yan kallo.

7/ To ina dare ya shigo? Fitilu ne suka kawo shi. A Disamba 1954 Wolves ta karɓi Honved ta Hungari, ƙungiyar su Puskas, a ƙarƙashin fitilu, ta ci 3-2. Wasan ya girgiza Turai, yana cikin abubuwan da suka zaburar da kafa Kofin Turai, wanda yau muke kira Gasar Zakarun Turai.

8/ Wasan lig na farko a ƙarƙashin fitilu kuwa ranar Laraba ne, 22 ga Fabrairu 1956, Portsmouth da Newcastle. Ɗaya a can kudu bakin teku, ɗaya a can arewa, tsakaninsu fiye da kilomita 500. Tun daga ranar farko matsalar ta nuna kanta: wasa ya ƙare, gida ya yi nisa, gobe kuma akwai aiki.

9/ Jirgin musamman ne ya rufa asiri. Amfaninsa shi ne ba ya bin jadawalin sauran jirage, wasa yake jira. A tashi, a taka zuwa tasha, a tarar da shi, mutum ya isa gida cikin dare ko da asuba ya wuce wurin aiki. Wahala kam akwai, amma akwai hanya.

10/ Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1980 rigimar 'yan daban ƙwallo ta yi ƙamari. Ana yayyaga kujeru, ana fasa tagogi da fitilun tarago. British Rail, hukumar jiragen ƙasar, ta koma ba su tsofaffin taragai, 'yan sanda na raka su tamkar fursunoni.

11/ An gwada lallashi ma. A 1973 aka fito da wani jirgi mai suna League Liner, har da taragon kiɗa da rawa da na kallon fim, ko a jawo 'yan kallo masu natsuwa. Bai yi tsawon rai ba.

12/ Abin dariyar, manyan 'yan daban sun guje wa jirgin musamman saboda 'yan sanda. Shi ya sa gungun West Ham ake ce musu Inter City Firm, don jiragen InterCity suke hawa. Na Leeds kuma Service Crew, masu bin jirgin kowa da kowa. Har sunan dabarsu daga jirgi ya fito!

13/ A 1985 aka yi dokar hana giya a jirage da bas-bas ɗin da aka ware don kai 'yan kallo. Mutane suka ƙara komawa mota. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnati ta cefanar da British Rail, ta rarraba wa kamfanoni. Jirgin musamman ya zama sai jefi-jefi.

14/ Daidai lokacin kuma Firimiya ta zo a 1992 da kuɗin Sky da wasan daren Litinin. Ga wani abu da zai ba ku mamaki: a Birtaniya ba a haska wasa kai tsaye daga 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar. Wasan 3 da muke gani a nan, su ba sa ganinsa a talabijin. Don haka duk wasan da tasharsu ke so, sai an sauya masa lokaci.

15/ Sakamakon? Wasan ƙarshe na Kofin FA na 2013 an sa shi 5:15. Wigan ta doke Man City 1-0, babban kofinta na farko a tarihi, amma tun kafin ranar magoya bayanta ke kukan ba za su samu jirgin komawa ba. A 2022 aka haɗa Liverpool da City a Wembley a makon Ista da aka rufe layin Euston, sai da FA ta ba da bas 100 kyauta.

16/ Kuma ba wai babu mafita ba. A Jamus yawancin tikitin wasa yana haɗe da kuɗin jirgi da bas na yankin. Da aka kawo musu wasan daren Litinin a Bundesliga, 'yan kallo suka yi bore, na Frankfurt har da jefa ƙwallayen tanis cikin fili a 2018. Zuwa 2021 an soke shi.

17/ Ra'ayina: wanda ya sauya lokacin wasa don kuɗin talabijin, shi ya kamata ya biya jirgin da zai mayar da mutane gida. Ihun nan da muke ji ta lasifika, wanda ke sa wasan daɗi, na waɗannan bayin Allah ne. Mun ga yadda filaye suka yi tsit a 2020 lokacin korona, ko mu a nan wasan bai mana armashi ba.

18/ Ku kuma fa? Da kai ne, ƙungiyarka na bin bashin ci 1, saura minti 10, jirgin ƙarshe na shirin tashi: za ka fita ko za ka kwana a tasha? Ina jiran amsoshinku. Wanda ya ƙaru ya tura wa ɗan adawarsa 🙏