Tarkacen jiragen yaƙi: Yadda ake bambance na gaske da na jabu

Tarkacen jiragen yaƙi su ne ɓaraguzan fiffike da farfela da agogon matuƙi da farantin lamba da suka rage daga jiragen da aka yi yaƙi da su. A Turai da Amurka masu tara kayan tarihi na sayen su da tsada, shi ya sa jabu ya yawaita. Ƙarfen kansa araha ne. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne hujjar da ta nuna daga wane jirgi ya fito.

Dangantakar Kano da waɗannan jirage

Jiragen sama sun fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga Satumba 1940, Ingila ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi da ke Ghana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Khartum har Alƙahira. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya zuwa 1943, ciki har da Hurricane da Blenheim da Kittyhawk, wasu kuma sun faɗi a hanya. Jirgin da ya bar Kano zuwa Maiduguri gabas yake dosa, ɓangaren da Wudil da Darki suke. A Agusta 1967 kuma, a Kano aka sauke jiragen MiG-17 da Tarayyar Sobiyet ta kawo wa Najeriya lokacin yaƙin basasa.

Saboda haka idan ɗan gwangwan a kasuwar Darki ko mai tsofaffin kaya a Kurmi ya ce ƙarfensa na jirgin yaƙi ne, maganar ba ta saɓa wa tarihi ba. Sai dai yiwuwa daban, tabbaci daban. Tambayoyi uku ake yi, kowace ta fi ta gabanta wuya.

Na jirgi ne?

Yawancin jikin jiragen wancan zamani alminiyam ne da aka gauraya da jan ƙarfe kimanin kashi 4 cikin 100. Ba shi da nauyi, maganaɗisu ba ya kama shi, kuma ba ya yin jar tsatsa, sai dai ya yi farin gari ko ya riƙa ɓarewa falle-falle. Ƙusoshin haɗinsa a jere suke, tazararsu ɗaya. Akwai togiya: ƙashin jikin Hurricane bututun ƙarfe ne, bayansa kuma katako da yadi.

Na lokacin yaƙin ne?

A nan lambobi ake dubawa. Kayan da Ma'aikatar Jiragen Sama ta Ingila ta saya na ɗauke da haruffan AM da hoton kambi, tare da lambar sito: 6A ta agogunan matuƙi, 5C ta makunnan lantarki. Kayan kamfanin Curtiss, mai ƙera Kittyhawk, sukan fara da 75 ko 81 ko 87. Akan kuma ga ƙaramin hatimin sufeton masana'anta. Zaren notin Ingila da na Amurka da inci ake auna su, na MiG kuwa da milimita, rubutunsa da haruffan Rasha. Tsohuwar lamba bugawa ake yi, haruffan kan ɗan karkace, kuma tsufan cikin ramin harafi daidai yake da na kewayensa. Lambar da ke sheƙi a jikin tsohon ƙarfe, jiya aka buga ta.

Na wane jirgi ne?

Nan aka fi damfarar mutane. Sau da yawa kayan na gaske ne, labarin da aka rataya masa ne na ƙarya. An ƙera agogo iri ɗaya dubbai, da yawa a sito suka ƙare, ba su taɓa tashi sama ba. Kowane jirgin Ingila na da lambarsa, kuma gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan na adana katunan tafiye-tafiyen jirage da na haɗurra. Misali, Kittyhawk da aka tsinta a hamadar Masar a 2012 an tabbatar shi ne ET574, wanda ya ɓace da matuƙinsa Dennis Copping a Yuni 1942, domin lambobin jikinsa sun dace da takardu. A ɗaya ɓangaren, a 2013 an kashe kuɗi ana tona ƙasa a Myanmar don neman jiragen Spitfire da aka ce an binne, ba a samu ko ɗaya ba. Wancan yana da hujja, wannan ji-ta-ji-ta ce.

Abin da mai saye zai nema

Ya tambayi inda aka samo kayan da shekarar, da hannuwan da ya bi, da hoton wurin. Takardar shaidar da mai sayarwa ya rubuta da kansa ba hujja ba ce. Kada a kankare kayan ko a yi masa fenti, domin tsohon fenti shaida ne. Shi kansa ET574 ya sha suka daga masana bayan an sake masa fenti kafin a ajiye shi a gidan tarihin El Alamein.

Haɗari da doka

Fentin lambobin agogunan wancan zamani na ɗauke da sinadarin radiyam, wanda sai bayan shekara 1,600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Haskensa ya mutu, amma gubar na nan, don haka kada a fasa gilashin. Harsashi ko abin da ya yi kama da bam kuwa, a bar shi inda yake a sanar da 'yan sanda. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Mai niyyar sayar wa baƙo ya fara tuntuɓar jami'anta a Gidan Makama da ke Kano, su faɗa masa ko dokar ta shafi kayansa.