Shanun Kuri: Tarihin Saniyar Ruwa da Ke Neman Ɓacewa



Duk wanda ya shiga kara a Nguru ko Gashuwa ya san Bunaji fari da Rahaji ja mai dogon ƙaho. Amma matasanmu nawa ne suka taɓa ganin Kuri da idonsu? Ga shi kuwa kogin da ya ratsa Gashuwa, Komadugu Yobe, a gidanta yake zuba, wato Tafkin Chadi.

Kuri ba ta da tozo. Yawancinta fara ce, mai girman jiki, ƙahonta kumburarre kamar tulu, amma mara nauyi domin cikinsa soso-soso ne. Buduma, masu kiran kansu Yedina, su ne asalin masu kiwonta a tsibiran tafkin. Tana ninƙaya daga tsibiri zuwa tsibiri, ta ci ciyawar ruwa, ta ba da nono mai yawa. Rauninta shi ne ba ta jure zafin rana da doguwar tafiya a tudu.

Ta girmi shanun da muka saba da su. Shanu marasa tozo sun riga masu tozo zama a Afirka da dubban shekaru, kuma zanen irinsu yana nan a duwatsun Sahara tun zamanin da hamadar take da ciyawa. Kuri tana cikin 'yan kaɗan da suka rage daga wancan tsatso.

Shanun yankinmu sun sha wuya a tarihi. Ciwon bushiya ya kusa ƙarar da garkuna wajajen 1890, ya sake dawowa a 1983, sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da shi daga duniya. A tsakani, jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, garin ya zama tashar lodin shanu da fatu da banda zuwa kudu. Fataucin nan ya fi dacewa da sa mai iya taka sayyada kwana da kwanaki, abin da Kuri ba ta iyawa.

Abin da cuta ta bari, ƙarancin ruwa ya ci. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye mafi yawansa, ɓangaren arewa ya riƙa ƙafewa. A namu gefen, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kafin ruwan ya gangara gabas. Daga baya rikicin Boko Haram ya kori makiyaya daga tsibirai da yawa.

Makiyayin da aka raba da ruwa dole ya nemi saniyar tudu. Sai ya sa bajimi mai tozo a garkensa, ɗan maraƙi ya fito da ɗan tozo da siririn ƙaho, jika kuma ya fi uban nisa da asali. Haka Kuri ke ɓacewa a tsaye: garke yana nan, irin ya tafi. Ba ma ganin laifin makiyayi, domin kowa ya ga bakinsa ya san abin da zai iya ci.

Maƙwabtanmu na Nijar sun keɓe cibiyar kiwon Kuri a Sayam, cikin jihar Difa. Mu ma muna da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tun 2013, ga fadama a ƙofar gida. Muna kira ga malamanta da gwamnatin Yobe su duba yiwuwar ajiye tsantsar garken Kuri tun ana samun bajimai. Ruwa yakan tafi ya dawo, amma irin da ya ƙare ba kasuwar da za a sayo shi.

Dattawanmu dillalai da fatake da suka yi mu'amala da shanun tafki, muna roƙon ku ba mu abin da kuka sani mu rubuta mu adana.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo da zaman lafiya ƙasarmu, amin.

Sakataren Ƙungiya