Jeren duwatsun gindin fulawa: daga tsakar gidanmu zuwa dutsen Sukur

1/ Jama'a, yau zaren tarihi ne a kan abin da kuke wucewa kullum ba ku kallo: duwatsun nan da ake jerawa a gefen fulawa a ƙofar gida ko makaranta. Yawancinmu mun ɗauka ado ne kawai. Ni ma haka na ɗauka, sai da ruwa ya ba mu kunya a gida. Ku biyo ni.

2/ Ummanmu tana da ɗan fili jikin katanga, ta shuka fulawa da lalle da zogale, ta kewaye shi da duwatsun da aka tsinto. Bara da hutu ni da Yaya muka ce wannan ai ƙauyanci ne. Muka kwashe duwatsun, muka sa bulo da siminti, har da farin fenti. Ya yi kyau a hoto, ba ƙarya.

3/ Ruwan Agusta na sauka wurin ya zama kwano. Ruwa ya kwanta ba mafita, saiwoyi suka ruɓe, bulon ya tsage ta gefe ɗaya. Wani dattijo mai gadi a layinmu, mutumin wajen Madagali, ya leƙo ya ce min: “Ɗana, ina duwatsun Hajiya? Ku dawo da su, ku bar wa ruwa hanya.”

4/ Yana jera su yana ba ni labarin garinsu, inda ya ce dutse guda sukutum aka yi wa irin wannan jeren. Daga nan na fara karanta tarihin Sukur. Wallahi na ji kunya, ina jami'a amma ban san wurin ba.

5/ Sukur tana ƙaramar hukumar Madagali a jihar Adamawa, kan duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. A 1999 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ita ce ta farko a Najeriya. Kurmin Osun na Osogbo sai 2005 ya shiga.

6/ Me aka gani a can? Gonaki hawa-hawa a jikin dutse kamar matakala, kowanne da jeren duwatsu a bakinsa yana riƙe da ƙasa. Ga hanyoyi da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu suna hawa har sama. Ga fadar sarkinsu, wanda ake kira Hidi, ita ma kewaye da katangun dutse. Duk ba siminti.

7/ Dabarar kenan. Idan aka jera dutse ba a liƙe ba, akwai 'yan kafofi tsakani. Ruwan da ya gangaro da gudu zai ci karo da jeren ya rage ƙarfi. Ƙasar da ya ɗauko ta zauna a baya, wani ruwan ya nutse, ragowar ya tsiyaye a hankali zuwa matakin ƙasa. Da haka ake noma dawa a inda ko tsayuwa da wuya.

8/ Bulonmu kuwa ya toshe ruwan gaba ɗaya. Ruwan da aka tare ba a ba shi hanya ba, ko ya kwanta ya kashe shuka, ko ya nemi inda zai fasa. Namu duka biyun ya yi 😅

9/ To me ya kai mutane noma a kan dutse alhali ga fili a ƙasa? Dalili ɗaya shi ne tsaro. Shekaru aru-aru mahara daga filayen da ke kewaye suna kai farmakin kamun bayi yankin Mandara, kuma doki ba ya jin daɗin hawan dutse.

10/ Wannan ba tatsuniya ba ce. Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya bar littafin da ake rubuta masa al'amuran yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan Ingila suka tuɓe shi. A ciki akwai lissafin hare-haren da ya aika kan mutanen duwatsu, har da Sukur. Tarihi ne mai ɗaci, amma namu ne.

11/ Sai dai kar ku ɗauka 'yan gudun hijira ne kawai suka maƙale a sama. Sukur garin ƙarfe ne. Suna tara baƙin yashin tama da ruwa ke wankowa, su narka shi da gawayi, su sayar wa mutanen filayen ƙasa har wajen Borno. Sana'ar ta mutu ne a ƙarni na 20, da ƙarfen waje da tsofaffin ƙarafa suka cika kasuwa.

12/ Yanzu mu sauka daga dutse mu nufi Sahel, don dabarar ta sake ceton mutane a zamanin iyayenmu. Bayan farin shekarun 1970, gonaki da yawa sun zama faƙo. Ruwa ya sauka ya wuce kamar kan kwalta, ya tafi da sauran ƙasar kirkin.

13/ A Yatenga, arewacin Burkina Faso, manoma sun san jera duwatsu tun da. Matsalar ita ce a fili mai ɗan gangare ido ba ya gane inda tsayi ya zo ɗaya, ruwa sai ya taru gefe guda ya ɓalle. Wani aiki da Oxfam ta fara a 1979 ya yaɗa ma'auni mai arha: dogon tiyo mai nuna ciki, cike da ruwa, ɗaure a sanduna biyu.

14/ Inda ruwan tiyon ya tsaya daidai a sandunan biyu, wuraren tsayinsu ɗaya. Sai a ja layi a jera duwatsu a kai. A yankin ne Yacouba Sawadogo ya haɗa jeren duwatsu da ramukan zai masu taki, ya mayar da faƙo kurmi. Ya samu kyautar Right Livelihood a 2018, ya rasu a 2023.

15/ A ƙasar Hausa ma an yi. A Keita, jihar Tawa a Nijar, cikin yankin Adar, an fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984 da tallafin Italiya. Maza da yawa sun tafi ci-rani, don haka akasarin masu ɗaukar duwatsun nan a ka mata ne. Su suka jera su a kan tudu da gangare.

16/ Abin da ke damuna shi ne, jeren dutse yana son mai kula. Kowace damina wani dutse zai zame, sai an mayar da shi. A Disamba 2014 Boko Haram suka kai hari Sukur suka ƙona gidaje. A duwatsun Gwoza ma, masu irin waɗannan gonaki, jama'a da dama sun bar gida. Matakin da ba a gyara ba yana zubewa, ya ja na ƙasa da shi.

17/ Kuma wannan ilimi a hannu yake. Idan tsoho ya rasu a sansanin gudun hijira bai taɓa jera dutse da jikansa ba, shi kenan.

18/ Ga yadda Baba mai gadi ya yi namu, ga mai so: ya tona ɗan rami siriri, ya zaunar da manyan a ciki, faffaɗan gefen yana ƙasa. Na sama ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa. Duka suka ɗan jingina ciki wajen shukar. Ƙanana ya cusa a baya. Bai sayi komai ba.

19/ Bana an yi ruwa sosai, lallen Umma ya tofo, ita kuma har yau tana mana dariyar farin fenti.

20/ 'Yan Madagali, Michika, Gwoza, Tawa da Keita, idan akwai irin wannan jeren a gonarku ko ta kakanninku, ku saka mana hoto a ƙasa. Ku faɗa mana sunan da kuke kiransa da yarenku, ina tarawa. Wanda ya ga gyara a abin da na rubuta, bismillah.