Ina Ɗaya Warin?

Mu da muka taso a Kano ko Katsina ko Maraɗi, yawancinmu ba mu san safa a matsayin kayan kullum ba. Ko dai farar safar makaranta ce, ko ta tsofaffi lokacin hunturu, ko huffin da ake shafa a kai wajen alwala. Sai da muka zo nan, inda daga Nuwamba har Maris ba mai fita da silifas, sannan safa ta zama wani babban kaso na wanki. Ku yi lissafin da kanku. Gida mai mutum shida, kowa yana sauyawa kullum, wari 84 ke nan a mako. Shi ya sa da wuya ku shiga gidan ɗan'uwa a Silver Spring ko Hyattsville ko Alexandria ba ku tarar da wata leda ko kwando da aka tara safa marasa 'yan'uwa ba.

Ana yawan ɗora laifin a kan injin wanki, wai shi ke haɗiyewa. Yana da nasa kason, zan zo kansa. Amma tarihin abin ya girmi inji nesa ba kusa ba.

A gidan tarihi na British Museum da ke Landan akwai wata 'yar safar yaro ta ulu, mai ratsi-ratsin launi, wadda aka tono a jujin tsohon birnin Antinoupolis na Masar. Shekarunta sun kai wajen 1,700. Ta ƙafar hagu ce, kuma ita kaɗai ce. An raba mata wurin babban yatsa daban, don a sa ta da takalmi mai igiya a tsakanin yatsu, irin faɗe ko silifas ɗinmu. Kun ga ke nan a wancan zamani akwai ta dama akwai ta hagu, in ɗaya ta ɓata ba a aro daga wani wuri a cike. Nan kusa da mu kuma, gidan tarihin tufafi na Textile Museum, wanda George Hewitt Myers ya kafa a 1925, yanzu yake cikin Jami'ar George Washington a Foggy Bottom, yana da safar auduga fari da shuɗi daga Masar ta zamanin Musulunci, ta wajen ƙarni na 12. Irin waɗannan suna cikin tsofaffin kayan saƙar tsinke da suka rage a duniya. Wanda ya san aikin marinar Ƙofar Mata, da ya ga shuɗin nan zai gane baba ne.

Abin lura shi ne, safa a da dukiya ce. Da hannu ake saƙa ta, kwanaki ake yi a kan guda. A 1589 wani Bature mai suna William Lee, daga ƙauyen Calverton kusa da Nottingham a Ingila, ya ƙera injin saƙa safa na farko, amma duk da haka an yi ƙarnuka kafin ta yi arahar da za a yar da ita don ta huje. In dunduniya ta cinye, sai a zura wani ɗan katako mai siffar ƙwai a ciki, a cike hujin da zare. A manyan gidaje kuwa ana ɗinka harufan sunan mai kaya da lamba a jikin safa da zanin gado, don a san na wane ne, a kuma san wane wari ne ɗan'uwan wane. Abin da aka sha wahala a kansa ba a barinsa ba shaida.

Yanzu ku biyo ni titin 7th Street a tsakiyar Washington, gida mai lamba 437. A hawa na uku na wannan gini Clara Barton ta zauna lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Duk wanda ya karanta aikin jinya a ƙasar nan ya ji sunanta. Ma'aikaciyar ofishin gwamnati ce da ta fara tara abinci, bandeji da tufafi tana kai wa sojojin da aka raunata, daga baya a 1881 ta kafa ƙungiyar Red Cross ta Amurka. Da yaƙi ya ƙare, a ɗakunan nan ta buɗe ofishin neman sojojin da suka ɓata. Daga 1865 zuwa 1868 ita da 'yan ma'aikatanta sun amsa wasiƙu sama da 63,000, suka gano makomar mutum fiye da 22,000.

Daga baya aka rufe hawan, aka manta da shi shekaru da dama. A 1996 ana shirin rushe ginin, wani kafinta ma'aikacin gwamnati ya leƙa saman silin ya tarar da kaya jibge: allon ofishin, takardu, tufafi, da tsofaffin safa na zamanin yaƙin. Abin da ya ceci ginin ke nan, a 2015 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi. Ni dai safar nan ta fi allon tsaya mini a rai. Ba wanda ya ga dacewar zubar da su, saboda sojan da ke tafiyar ƙasa cikin taɓo, busasshiyar safa a wurinsa magani ce. An sake ganin haka a yaƙin duniya na farko, lokacin da sojoji ke kwana cikin ramuka da ruwa, ƙafafunsu suna ruɓewa har a kai ga yankewa. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, Red Cross daga hedikwatarta ta nan Washington ta yi kira ga mata da yaran makaranta a duk faɗin ƙasar su saƙa safa. An kuwa saƙa, miliyoyi.

To a gidajen birnin fa, wa ke wankewa, wa ke haɗa wari da wari? Galibi matan baƙaƙen fata ne. Bayan an 'yanta bayi, dubban iyalai sun kwararo Washington daga Virginia da Maryland, da yawa suka zauna a lungunan bayan manyan gidaje, matansu kuma suka kama sana'ar wankau. Su je su karɓo ƙunshin kaya, su ɗebo ruwa, su tafasa, su cuɗa, su shanya, su yi guga da dutsen guga na ƙarfe da ake ɗorawa a wuta, su mayar kafin mako ya ƙare. Mace ɗaya tana iya riƙe kayan gida uku ko huɗu a ɗaki ɗaya. In wari ɗaya ya shiga kayan wani gida, a kuɗin aikinta za a cire, ko ma a ce ta sata. Don haka ƙirga da shaida ba kwalliya ba ne a wurinta, kare mutunci ne. Ba su kuma kasance masu shiru ba: a 1881 a Atlanta masu wanki wajen 3,000 sun yi yajin aiki kan ƙarin kuɗi. A nan Washington, a 1909, Nannie Helen Burroughs ta buɗe makarantar horar da mata da 'yan mata a arewa maso gabashin birnin, inda wanki da kula da gida ke cikin abin da ake koyarwa a matsayin sana'a mai daraja. Titin da ke wajen yana ɗauke da sunanta har yau. Su ma 'yan Sin da suka buɗe shagunan wanki a birnin da tikiti da lamba suka riƙa rarrabe kayan jama'a.

Wannan tsari ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Mai wanki da guga a gida ba ya ɗaukar ƙunshi sai an ƙirga a gabansa: riga kaza, wando kaza, zani kaza. In ya dawo da su a sake ƙirgawa. Waɗanda suka yi makarantar kwana kuma sun san ba a tafiya sai an rubuta suna ko lamba a jikin komai, har bokiti.

Sai inji ya zo. Kamfanin Bendix ya fito da injin wanki mai sarrafa kansa a 1937, kamfanin Hamilton ya fara sayar da na busarwa a 1938, bayan yaƙin duniya na biyu kuma suka bazu a gidaje. Safa ita ma ta yi araha, har ta kai yanzu wani gari guda a ƙasar Sin, Datang a lardin Zhejiang, yana fitar da biliyoyi a shekara, ana sayar mana da dozin a leda. Inji ya ɗauke ɗiban ruwa da cuɗa da matsa, kuma wallahi ba ƙaramar rahama ba ce, ba na cikin masu begen zamanin da hannu ke tsagewa da sabulun soda. Amma bai ɗauki ƙirga ba, bai ɗauki shaida ba. Aikin da a da sana'ar wani ce, ake biyansa, ya faɗo kan uwar gida ba tare da an kira shi aiki ba, galibi ƙarfe goma na dare bayan ta taso daga wani aikin.

Kason injin kuwa ga shi. A mai buɗewa ta gaba, ƙananan safa suna maƙalewa a cikin lanƙwasar robar bakin ƙofa, na jarirai wani lokaci har su kai matatar famfon da ke ƙasa. A na busarwa, zafi da gogayya suna sa su manne a cikin kusurwar zanin gado mai roba ko ƙafar wando. Waɗanda ke wanki a ɗakin inji na haya ko na kan titi kuwa, wari ɗaya yana bin kayan maƙwabci. Amma in za a faɗi gaskiya, da yawa ba su ma isa injin ba. Suna ƙarƙashin kujera, cikin takalmi, cikin jakar makaranta, ko a bakin ƙofar masallaci ranar Juma'a.

Dabarun da ke aiki a yau duk tsofaffin nan ne aka sauya musu kaya. Jakar raga mai zif ga kowane mutum, a rataye ta inda yake tuɓewa, a jefa ta inji a rufe ta fito a rufe: ƙunshin mai wanki ne. Ɗigon alƙalami marar gogewa a ƙarƙashin yatsu, ɗaya ga babba, biyu ga mai bi masa, in ƙane ya gaji na wa a ƙara ɗigo: lambar makarantar kwana ce. Ni na fi yarda da a saya wa kowane yaro iri ɗaya launi ɗaya, yadda kowane wari ɗan'uwan kowane ne. Yaron da ya kai shekara biyar kuma zai iya haɗa nasa, namiji ne ko mace.

Akwai wurin da ba na son a yi sakaci, shi ne safar iyayenmu da ke zuwa zama da mu, musamman masu ciwon suga. Ciwon yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka abu ko takalmi ya ci shi bai ji ba, gyambo ya fara ba a sani ba. Kada a laluba musu a kwandon marayu a haɗa mai kauri da marar kauri, ko a ba su mai matse ƙwauri, ko mai tudun ɗinki a kan yatsu. A ware musu tasu daban, mai laushi, busasshiya, a sauya kullum. Ku zaɓi fara ko mai haske, domin mai wankin ne zai fara ganin ɗigon jini ko ruwa a jikinta, tun kafin Baba ya ce wani abu na damunsa. In kun gani, ku duba ƙafar a ranar, har tsakanin yatsu, ku kira likitansa.