Ɗan kapitan: kaporal Jean-Baptiste N'Tchoréré, Yuni 1940

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ya san sunan kapitan Charles N'Tchoréré. An haife shi a Libreville ta ƙasar Gabon a 1896, ya kuma kasance cikin baƙar fata ƙalilan da suka kai wannan muƙami a rundunar Faransa. Daga ranar 5 zuwa 7 ga watan Yuni 1940, shi da dakarunsa suka tsare garin Airaines, a yankin Somme, har harsashi ya ƙare musu. Da Jamusawa suka kama su, sai suka ware baƙi daga farare. Kapitan ya ƙi barin sahun hafsoshi, yana neman a ba shi haƙƙin muƙaminsa, nan take aka harbe shi. Yau akwai dutsen tunawa da shi a Airaines, kuma makarantar soja ta Saint-Louis a Senegal tana ɗauke da sunansa.

Amma mu nawa ne muka san cewa ya je yaƙin nan da ɗa? Jean-Baptiste N'Tchoréré kaporal ne a wata runduna dabam, bai kai shekara 25 ba. An kashe shi a fagen daga a Remiencourt, kudu da birnin Amiens, cikin wannan mako da aka kashe mahaifinsa, kuma a yankin Somme ɗin dai. Mutuwar uba ta samu shaidu da marubuta. Ta ɗan kuwa, layi ɗaya ake ba ta a ƙarshen labarin mahaifinsa. Da ba ɗan kapitan ba ne, da ko wannan layin bai samu ba.

A nan ne zancen ya shafe mu. Rundunar da Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais, wadda Faidherbe ya kafa a 1857, suna kawai ta ɗauka daga Senegal. An ɗebi samarinta daga ƙasashen da Faransa ta mallaka a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar, kuma tun 1919 aka mai da ɗibar soja doka, ana ɗora wa sarakuna adadin da za su kawo. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa baƙaƙen sojoji tsakanin 1500 da 3000 ne Jamusawa suka kashe bayan kama su a watannin Mayu da Yuni 1940. A maƙabartar Chasselay, kusa da Lyon, kaburbura da yawa babu suna a kansu.

Waɗanda suka dawo sun yi shekaru suna kokawar fansho, wanda aka daskare tun 1959, ba a daidaita shi gaba ɗaya ba sai 2011. Su aƙalla sun yi magana da bakinsu. Saurayin da ya faɗi ba shi da mai magana sai danginsa, su kuma tsofaffin gida kullum raguwa suke.

Saboda haka, ƴan uwa malamai da ƙungiyoyin al'adu na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, mu aiki ɗalibanmu gida da tambaya ɗaya: wa aka ɗauka soja daga gidan nan bai dawo ba? Su rubuto sunansa, da na mahaifinsa, da garinsu, da shekarar tafiyarsa in an tuna. Jean-Baptiste ya ci albarkacin sunan mahaifinsa. Namu, in ba mu rubuta su ba, babu wanda zai rubuta.