Salsalar gidan sarautar Maroko: abin da kalmar «ibn» ke riƙewa da abin da take zubarwa

A wannan ɗan rubutu za mu duba nasabar Sarki Muhammadu na 6 na Maroko, wanda ya hau gadon mulki a 1999. Manufarmu ita ce mu nuna cewa salsalar nasaba da jerin sarakuna abubuwa biyu ne daban, ko da yake ɗalibai sukan haɗa su.

Ga salsalar daga ƙasa zuwa sama: Muhammadu na 6 ɗan Hasan na 2, ɗan Muhammadu na 5, ɗan Yusuf, ɗan Hasan na 1, ɗan Muhammadu na 4, ɗan Abdurrahman, ɗan Hisham, ɗan Muhammadu na 3, ɗan Abdullahi, ɗan Isma'il, ɗan Sharif, ɗan Ali. Daga Isma'il, wanda aka haifa wajajen 1645, zuwa sarkin yanzu, wanda aka haifa a 1963, hawa 10 ne cikin shekaru kusan 320, wato kimanin shekara 32 kowane hawa. Lissafin ya zauna daidai, kuma takardun tarihi suna tabbatar da wannan sashe.

Sashen sama ya fi dogara ga ruwaya. Ruwayar gidan ta ce kakansu Hasan Addakhil (ma'anar laƙabin: wanda ya shigo) ya taso daga Yanbu ta ƙasar Hijaz ya sauka Tafilalt, yankin tsohon birnin Sijilmasa, a ƙarni na 13. An ce mutanen wurin ne suka nemo shi don albarkar jinin Manzo ta gyara musu dabino. Daga gare shi salsalar ta hau zuwa Muhammadu Annafsuz Zakiyya, wanda aka kashe a Madina a 762 bayan ya yi wa halifa Mansur na Abbasiyawa tawaye, sannan Abdullahi Alkamil, Hasan Almusanna, Hasan ɗan Ali da Nana Faɗima. Idris na 1, wanda ya kafa daularsa a Maroko a 788, ɗan'uwan Annafsuz Zakiyya ne. Ƙarni biyar da ke tsakanin Madina da Tafilalt su ne inda masana nasaba suka fi yin gardama.

Ta fuskar nahawu, salsala jimla ce mai maimaita tsari guda: suna, ibn, suna. Kowane gurbi mutum ɗaya yake ɗauka, kuma uba ne. A Hausa «ɗan» ya fi haka sakewa, don yana iya ɗaukar sunan uwa, ko gari, ko sana'a. A Larabci ma akwai irin su Muhammadu ibn Alhanafiyya, amma ba a gina salsalar sarauta a kansu. Wannan tsari yana zubar da mutane iri biyu.

Na farko ƴan'uwa. Maulaye Rashid, wanda ya ci Fas a 1666 kuma shi ne ainihin wanda ya mai da gidan daular ƙasa baki ɗaya, babu shi cikin salsalar, don ƙanensa Isma'il (1672-1727) ne aka bi. Babu Sulaiman, wanda ya yi shekara 30 yana mulki ya kuma bar wa ɗan ɗan'uwansa Abdurrahman gadon a 1822, ya tsallake ƴaƴan cikinsa. Babu Abdul'aziz, babu Abdulhafiz da ya sa hannu kan yarjejeniyar Fas da Faransa a 1912. Hisham kuwa yana ciki, alhali mulkinsa bai taɓa game ƙasar ba. Mai karanta salsala kaɗai zai zaci sarauta ta sauko lami lafiya daga uba zuwa ɗa. Gaskiyar ita ce bayan rasuwar Isma'il an yi shekara 30 ƴaƴansa suna kokawa, rundunar bayi ta Abidul Bukhari tana ɗora wannan tana sauke wancan, har zuwa hawan Muhammadu na 3 a 1757. Dukkan masu kokawar sharifai ne, nasabarsu guda. Nasaba ta keɓe gidan da za a zaɓa daga cikinsa. Mubaya'ar malamai da manyan gari, da ƙarfin soja, su ke fitar da mutum ɗaya. Faransawa sun gane haka sarai: da suka kori Muhammadu na 5 a 1953, sai suka ɗauko Muhammadu ben Arafa daga cikin dangin. Jama'a ba ta karɓe shi ba, aka dawo da korarren a 1955. Sai a tsarin mulkin 1962 aka rubuta cewa babban ɗa namiji ne magaji.

Na biyu iyaye mata. Mahaifiyar Muhammadu na 6, Lalla Latifa, Baberbera ce daga ƙabilar Zayan, kuma da yawa daga sarakunan gidan ƴaƴan ƙwaraƙwarai ne. Wannan bai rage musu komai ba a idon masana nasaba. Abin lura shi ne dukan darajar salsalar a kan mace take tsaye: ba don Faɗima ba, da zuriyar Ali Hashimawa ne kawai kamar Abbasiyawa. A can ƙololuwa tsarin «ibn» yakan karye sau ɗaya, a ce Hasan ɗan Faɗima ƴar Manzon Allah.

Sunan daula ma makami ne. Sarakunan da suka gabaci wannan gida, waɗanda rundunarsu ta karya Songhai a Tondibi a 1591, su ma sun ce daga Annafsuz Zakiyya suka fito, ta hanyar Yanbu. Masu adawa da su suka ce a'a, daga Banu Sa'ad ne, ƙabilar Halima mai shayar da Manzo, wato dangantakar nono ce, babu ta jini. Sunan «Sa'adiyawa» da muke koyarwa a aji kamar sunan yanka, laƙabi ne da ya kafu a bayansu, kuma wannan zargi na cikinsa. Su kuwa Alawiyawa sunansu yana nuni ga kakansu Ali Assharif na Tafilalt, yana kuma tuna wa mai ji Ali ɗan Abi Ɗalib. Littafin Lévi-Provençal na 1922, Les Historiens des Chorfa, ya nuna yadda marubutan tarihin ƙasar suka yi aiki a inuwar fada. Ya kamata ɗalibi ya tuna da haka in yana karanta Al'ifrani ko Annasiri a kan nasabar Sa'adiyawa, tun da dukansu biyu a zamanin Alawiyawa suka yi rubutu.

Ƙaramin bayani kan laƙabi, don masu fassara daga Faransanci: ana sa «Moulay» gaban sunan namijin gidan, amma mai suna Muhammadu «Sidi» ake ce masa, mace kuma «Lalla». Saboda haka Sidi Mohammed ben Youssef na takardun mulkin mallaka shi ne Muhammadu na 5, wanda ya sauya laƙabin sultan da na malik a 1957.