Tarihin Waƙoƙin Kwaɗi a Makarantun Renon Yara

Koyar da ƙananan yara waƙa da ƙidaya ta hanyar motsa jiki ya samu matsayinsa a tsarin makaranta ne a ƙasar Jamus, ta hannun Friedrich Fröbel, malamin da ya yi shekaru yana nazarin hanyoyin koyarwa a wajen masanin ilimi Pestalozzi a Suwizalan. A shekarar 1837 ya buɗe wata cibiya ta wasa da ayyukan hannu a garin Bad Blankenburg, wadda a 1840 ya raɗa wa suna kindagatin, wato lambun yara, sannan a 1844 ya wallafa littafin waƙoƙin uwa da ɗanta, inda kowace waƙa take tafe da wasan yatsu ko motsin gaɓɓai. Hujjarsa ita ce yaro yana fara fahimtar abu da jikinsa kafin harshensa ya iya bayyana shi. Gwamnatin Furushiya, ɗaya daga cikin daulolin Jamus na lokacin, ta haramta waɗannan makarantu a 1851 bisa zargin suna yaɗa aƙidar da ke barazana ga addini da mulki, kuma Fröbel ya rasu a 1852 ba tare da ya ga ɗage haramcin ba, wanda bai zo ba sai 1860. Sai dai kafin nan almajiransa, yawancinsu mata, sun riga sun kai tsarin ƙasashen waje, har aka buɗe irinsa na farko a Amurka a 1856.

Kwaɗo ya dace da wannan tsari fiye da yawancin dabbobi, domin tsallensa abu ne da ake iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kukansa kuma gajere ne mai maimaituwa, wanda yaro ɗan shekara uku zai kwaikwaya ba tare da wahala ba. A ƙasashen da ake magana da Ingilishi an fi sanin waƙar kwaɗi biyar da ke zaune a kan gungume, inda a ƙarshen kowane baiti yaro ɗaya yakan yi tsalle ya bar sahu, sauran su sake ƙirga kansu. Abin da ake koyarwa a nan shi ne ɗebewa, da kuma ƙa'idar cewa kowace lamba tana da abu guda da take wakilta, har a kai ga sifiri idan gungumen ya zama babu kowa.

Amma inda waƙar kwaɗi ta fi yin saiwa shi ne Japan, wadda ta buɗe makarantar renon yara ta gwamnati a Tokiyo a 1876, tare da wata Bajamushiya mai suna Clara Matsuno a matsayin babbar malama. Fiye da shekaru hamsin bayan haka, a 1930, wani malami ɗan Suwizalan, Werner Zimmermann, ya ziyarci makarantar Tamagawa da Obara Kuniyoshi ya kafa, ya rera wa ɗalibai wata tsohuwar waƙar Jamus ta kwaɗi, sai malamin kiɗa Okamoto Toshiaki ya sa mata baitoci da harshen Japananci. Waƙar irin wadda ake rerawa bi-da-bi ce, wato rukuni na farko ya fara, na biyu ya shigo daga farko alhali na farkon ya yi gaba, kowa yana riƙe da nasa layi, saɓanin amshi inda ake jiran mai bayarwa ya kai aya. A nan hikimar Okamoto take, domin yaron da bai ƙirga bugun kiɗa a zuci ba, zai shigo a makare, ko kuma maƙwabcinsa ya janye shi. Karin waƙar yana hawa da sauka ne mataki-mataki a kan sautuka shida kacal, kuma kukan kwaɗi a gonakin shinkafa lokacin damina sananne ne ga yaran ƙasar, shi ya sa Japanawa da yawa suke ɗaukarta tasu ce ta gado. Har yau tana cikin waƙoƙin farko da ɗaliban firamare suke koyon busawa a kan ƙaramin kayan kiɗan nan mai madannai da ake hura wa iska da baki.